Agogon da Ba Ya Shan Ruwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe tukuna, domin na lura a nan akwai masu karanta layi biyu su yanke hukunci.

Ranar Talatar makon jiya, ƙarfe biyu saura minti takwas na rana, mu tara ne a tsaye a bakin rijiyarmu ta fadama da ke wajen Ɗan Isa. Akwai mu takwas masu gonakin, har da shugabanmu Malam Ɗahiru, sai ƙanena Alhaji Sani da ya zo daga Shinkafi ya biyo ni gona. Na duba agogona, na ɗaga hannu, aka kashe injin ban ruwa. Sai Malam Bello, wanda layinsa na ban ruwa ne ya ƙare, ya yar da tiyo, ya tako har gabana da laka a ƙafafunsa, ya ce, "Na-Tasha, kullum kana faɗa muna wanga agogo naka ba ya shan ruwa. To wallahi nawa dai ya shanye." Mutane suka yi dariya, ƙanena ya fi kowa. Shekarata hamsin da tara, ba a taɓa yi min irin wannan a gaban jama'a ba.

Bari in bi abin daki-daki don ku gane. Na yi aiki a tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda shekara ashirin da shida, shi ya sa ake ce min Na-Tasha. Karatuna bai wuce firamare da horon aiki ba, amma abu ɗaya aka koya min a can kuma na riƙe shi, wato lokaci. In an ce ƙarfe bakwai, to bakwai ne, ba bakwai da 'yan kai ba. A unguwarmu in aka yi gardamar lokacin ɗaurin aure ko jana'iza ni ake tambaya. Da na bar aiki na koma noman rani, mu takwas muka haɗa hannu muka haƙa rijiya ɗaya a bakin gulbi, muka sayi inji ɗaya, yau shekara bakwai. Tsarinmu shi ne, duk bayan kwana uku ake ban ruwa, kowa minti arba'in, ana farawa daga gonar da ta fi kusa da rijiya a ƙare da wadda ta fi nisa. Ni aka ba riƙon lokaci tun ranar farko, ba a ma yi shawara ba, Malam Ɗahiru ya ce ai muna da Na-Tasha. Ba a biyana komai a kan haka kuma ban taɓa nema ba. In na ɗaga hannu an kashe, ko gonata ce ake shayarwa.

Gonar da ta fi nisa ita ce ta Malam Bello, don haka shi ne na ƙarshe kullum, layinsa yakan faɗo daidai gabanin azahar. Bello Bafulatani ne, mutumin wajen Gurbin Bore ta ƙasar Zurmi. Mun san juna sama da shekara talatin, tun yana kawo shanu tasha. Halin da ake ciki a yankinmu kowa ya san shi, ba sai na faɗa ba, shi ya raba shi da shanunsa da gidansa, ya dawo kusa da mu da iyalinsa. Ni na kai shi wurin Malam Ɗahiru lokacin da za a haƙa rijiyar, ni na tsaya masa aka saka shi a cikinmu, alhali akwai mutum biyu da ba su so. Albasa yake nomawa, fangali talatin, wato komin shuka, kuma ba shi da wani abu bayan ita.

Yanzu maganar agogo. Tsohon agogona na tasha ya daɗe yana ba ni wahala, gilashinsa ya tsage, laima na shiga, duk lokacin da zan taɓa ruwa sai na cire shi na sa a aljihu. Babban ɗana Nura yana aiki a jirgin ruwa a Kudu. Da ya zo hutu bayan an gama girbi, sai ya kira ni da baffansa Sani, ya shimfiɗa agogo uku a kan tabarma, ya ce irin na masu nutso a teku ne, na hannu ne ya saya a wurin abokan aikinsa, in zaɓi ɗaya, baffansa ya zaɓi ɗaya, shi ya riƙe wanda ya rage. Na farko mai shuɗiyar fuska ne, da ruwan zinari a tsakiyar mariƙinsa. Na biyu baƙi ne, ƙarfe zalla, mai nauyi. Na uku mai madaurin roba ne, fuskarsa ruwan lemu. Sani ya miƙa hannu zai ɗauki mai zinarin, na ce ya dakata, ba haka ake zaɓen kayan aiki ba, a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na fara da ƙarko. Nura ya ɗauki makulli ya karta gilashin kowanne, babu wanda ya yi tabo. Amma da na juya mai zinarin a rana sai na ga mariƙinsa duk ƙananan zane, zinari ba ya jure gogayya. Mai robar kuwa na san abin da zafin Kaura ke yi wa roba, shekara biyu ta tsattsage. Baƙin ko da na ƙwanƙwasa shi a dutsen niƙa ban ga alama ba. Nura ya ce baƙin da shuɗin suna jure nutso har mita ɗari uku, mai robar ɗari biyu. Sani ya ce, "Yaya, kai da ko gulbi ya kawo ba ka shiga, mi za ka yi da mita ɗari uku?" Ban kula shi ba.

Sai ƙira. Kowanne yana da zobe mai lambobi a kewaye da fuskarsa, da alama mai kusurwa uku. Nura ya nuna min amfaninsa, in za ka fara abu sai ka juya zoben ka daidaita alamar da dogon hannun agogo, daga nan duk lambar da hannun ya kai a jikin zoben, mintin da ka ci ke nan, ba sai ka yi lissafi a ka ba. Na ce wannan ai don ni aka yi shi, domin idona ya fara rauni, ƙananan lambobi na ba ni wuya. Zoben mai zinarin sumul yake, da ƙyar ake kama shi. Na mai robar yana can ciki ƙarƙashin gilashi, sai ka kwance wani ɗan kai a gefe kafin ka juya shi, na ce wannan ɓata lokaci ne, ga launinsa kamar na 'yan makaranta. Na baƙin yana da manyan haƙora, ko hannunka da laka ko da ruwa kana kamawa zai juya. Kuma Nura ya ce gefe ɗaya kawai yake juyawa, ba ya komawa. Wannan ita ta gama saye ni, a raina na ce ke nan ba wanda zai iya ƙara wa kansa lokaci. Ya fara wani bayani kan dalilin da ya sa aka yi shi haka, na katse shi, na ce tun kafin a haife shi nake aiki da agogo.

Na uku daraja. Na tambayi kuɗinsu, yaron ya yi ta kwana-kwana, da ya faɗa sai da na ajiye agogon. Baƙin nan kaɗai zai sayi injin ban ruwa biyu da canji. Na yi masa faɗa sosai. Ya ce Baba shekara nawa kana ɗaura agogo mai tsagaggen gilashi mutane na gani, kuma baƙin ko bayan shekara goma aka ce a sayar darajarsa na nan, mai zinarin ne ya fi tsada amma shi ke saurin faɗuwa. To a ƙarko baƙin ne na ɗaya, a ƙira shi ne, a daraja shi ne. Na ɗauke shi. Sani ya ɗauki mai zinarinsa, Nura ya koma Kudu da mai robar. Ban ɓoye muku ba, na yi alfahari da wannan zaɓen, na ba da labarinsa a fadama ya fi sau goma, har da cewa ba ya shan ruwa.

Saboda tsadarsa ba na yawo da shi. Yana cikin akwatinsa, kowace safiya in murɗa masa kai in gwada shi da lokacin rediyo, ranar ban ruwa kawai nake ɗaura shi. A fadama kuwa ba a aiki da ƙarfe kaza, domin tsakanin layi da layi akwai jan tiyo, wani lokaci minti uku wani lokaci goma, ga inji yakan yi gardama. Ruwa na fara zuba a gonar mutum sai in daidaita zobe, hannu na kai arba'in in ɗaga hannu. Haka muka yi wata biyu.

A cikin wata biyun nan Bello ya same ni sau biyu ni kaɗai, wannan dole in faɗa. Na farko ya ce da minti arba'in yana shayar da fangali talatin har ruwa ya yi saura, yanzu a ashirin da uku ko da huɗu ake kashewa. Na ce masa inji ne ya tsufa, ga gonarsa da nisa. Na biyu ya ce shi ba shi da agogo amma yana da inuwar gawon da ke bakin gonarsa, kuma inuwar ba ta kai inda ta saba kaiwa. Na ce masa ba za a gwada inuwar itace da agogon da aka ƙera don teku ba. Ya juya ya tafi. Na uku shi ne na ranar Talata a gaban mutane.

Ranar na mayar masa da magana mai zafi. Na tuna masa wanda ya kawo shi cikinmu, na ce in sata yake nufi ya fito fili ya faɗa. Ya ce shi bai ce sata ba, ruwansa dai ya ce an shanye. Gaskiya ne kalmar ɓarawo ba ta fito daga bakinsa ba, na bi maganarsa a kaina sau da yawa, ba ta ciki. Amma in ka ce wa mai riƙon lokaci agogonsa na shanye ruwan wani, me ka ce masa? Sani kuma maimakon ya tsaya wa yayansa sai ya shiga zolaya, wai da na ɗauki mai zinari da ba a kai nan ba, wai a ba shi riƙon lokacin ya riƙa zuwa daga Shinkafi. Da muka isa gida na ce ya kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba.

Ni na nemi a yi gwaji. Ranar Juma'a ƙarfe bakwai na safe, kafin a tayar da inji, aka shimfiɗa tabarma a bakin rijiya. Na cire agogona na ajiye, na daidaita zobe, Malam Ɗahiru ya ajiye wayarsa, wasu mutum biyu suka ajiye nasu. Muka zauna minti arba'in ba wanda ya taɓa komai. Da wayoyin suka cika arba'in, dogon hannun agogona na kan arba'in cif. Aka sake na minti ashirin, haka. Kowa ya juya ya kalli Bello. Na ɗauka zai sunkuyar da kai, sai ya ce, "A bisa tabarma ba ya sha. A hannu yake sha." Jama'a, wannan ta fi ta farko ciwo, domin yanzu ya wanke agogon ya bar hannuna. Na miƙe na ce wa Malam Ɗahiru ko dai a bi min haƙƙina ko a nemi wani mai riƙon lokaci.

Hukuncin da aka yanke shi ne, an dakatar da layin Bello, an ba shi mako guda, ranar Juma'a mai zuwa ƙarfe uku, bayan an sauko daga masallaci, ya zo ƙofar gidan Malam Ɗahiru ya janye maganarsa a gaban kowa ya ba ni haƙuri. In ya ƙi, a cire shi daga injin. Malam Ɗahiru ya so a bar maganar dakatarwa, ni na dage. Mutum biyun nan da tun farko ba su so shigarsa ba suka mara min baya da sauri, ɗaya har yana cewa dama irinsu ba a haɗa komai da su, kuma na san yana da suruki da ke jiran gurbin. Na ji maganar, ba ta yi min daɗi ba, amma ban tanka ba saboda a ranar maganar tana gefena.

Daga ranar na daina mayar da agogon akwati. Na ce zan ɗaura shi kasuwa da masallaci da ko'ina, kowa ya ga ba na jin kunyarsa. To ranar Lahadi, ƙarfe huɗu saura kwata, ina tsakar gida ina alwalar la'asar, maiɗakina na gefe tana tsince shinkafa, gidan shiru. Na zo wanke hannun hagu, sai ta ce, "Malam, mi ke ƙara haka ƙas-ƙas kamar ƙwaro?" Na tsaya. Na sake yin abin da na yi, sai na ji shi da kunnena.

Ga abin da ke faruwa. Kowa ya san a alwala ruwa sai ya taɓa fatar da ke ƙarƙashin agogo. Tsohon agogona cire shi nake yi. Wannan kuwa, tunda ba ya shan ruwa, ba na cirewa, sai in kama shi da hannun dama in murza shi gaba da baya don ruwa ya shiga ƙarƙashi, sau uku. Kuma inda yatsuna ke kamawa shi ne haƙoran zoben nan da na yaba. In na murza gefe ɗaya zoben ya cije, agogon ya motsa a hannuna. In na murza ɗaya gefen, zoben ne ke tafiya. A fadama ƙarar inji ba ta bari a ji. Alwalar azahar kuma a bakin tiyo nake yin ta, kullum a cikin layin ƙarshe, layin Bello.

Na yi sallah, na dawo na zauna da buta. Na daidaita zobe, na wanke hannu yadda na saba, na duba. Na yi haka sau goma, maiɗakina na kallona. Mafi ƙaranci zoben ya gusa da minti shida, mafi yawa sha ɗaya. Kuma duk sau goman gefe ɗaya ya gusa, gefen da ke nuna an ci lokaci fiye da yadda aka ci. Ko sau ɗaya bai ƙara wa mai layi ba. Wato mutum bakwai suna shan arba'in ɗinsu cif, Bello yana shan talatin ko talatin da 'yan kai, wata biyu, da hannuna.

Na kira Nura, sai bayan magariba ya samu layin waya ya kira ni. Da na gaya masa, dariya ya fara yi kafin ya ji muryata ya daina. Ya ce ai da gangan aka ƙera shi haka, mai nutso yana ƙarƙashin teku da tukunyar iska a bayansa, in zoben ya bugi wani abu ya gusa, gara ya nuna masa lokaci ya ƙure ya fito da wuri, da ya nuna masa da saura iskarsa ta ƙare a ƙasa. Kuskurensa kullum na ragewa ne. Na ce to don me bai gaya min ba? Ya ce, "Baba, ai shi na fara gaya maka ka ce tun ba a haife ni ba kake aiki da agogo." Ya ƙara da cewa mai robar da na raina, wanda zobensa ke cikin gilashi, shi ne ba abin da zai gusa shi. Na kashe wayar. Na ce masa dai kafin nan kada baffansa ya ji, domin in Sani ya ji, kasuwar Shinkafi ta ji.

Ranar Litinin aka yi ban ruwa ba Bello. Da lokacin alwala ya yi na cire agogon na sa a aljihu kamar da, ba wanda ya lura. Da aka tashi na zaga ta gonarsa. Fangali bakwai na ƙarshe ganyensu ya yi rawaya, na tona ɗaya da yatsa, albasar ba ta fi ƙwan zabo ba, alhali ta sauran mutane ta kusa cika hannu. Shi kuma yana can yana ɗauko ruwa daga rijiya da jarka biyu, mutumin da ya girme ni da shekara uku, tafiyar da ta fi taku ɗari biyu. Ya ajiye jarkokin ya ce, "Sannu da zuwa, Na-Tasha." Na je da niyyar magana, abin da ya fito daga bakina shi ne sannu da aiki, na juya na tafi.

Yau Laraba. Ban gaya wa kowa ba sai maiɗakina da Nura. Kuma in gaya muku gaskiya har yanzu fushi nake yi, ban ma san wanda zan ɗora wa ba. Ina fushi da Bello, domin ko yana da gaskiya, shekara talatin ta wuce ya mayar da ni abin dariya a gaban ƙanena. In na faɗi haka sai in tuna sau biyu ya zo min a asirce na kore shi da maganar inuwar itace. Ina fushi da Nura da ya ɗauko kayan teku ya kawo wa manomin fadama. Ina fushi da Sani da bakinsa. Ina fushi da mutum biyun nan da suka hau kan fushina don su kai surukinsu gurbin wani. Wanda ya rage kuma ba sai na ambace shi ba, shi ya zauna ya jera agogo uku ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya zaɓi wanda zai cuci amininsa.

Hanyoyin da nake gani uku ne. Ta farko in yi shiru. Na san Bello, ba zai janye maganar da ya san gaskiya ce ba, za a cire shi, albasarsa ta ƙone, ni in ci gaba da riƙon lokaci ina cire agogo lokacin alwala, ba mai sani har abada. Na rubuta wannan ne kawai don lissafin ya cika, ba na jin zan iya tsayawa sallah da ita. Ta biyu ita ce ta maiɗakina, ta ce in je in same shi shi kaɗai in gaya masa, sannan ranar Juma'a in ce wa jama'a na yafe, a mayar masa da layinsa, magana ta mutu. Wannan za ta ceci albasarsa ta ceci sunana. Amma za a tashi a kan cewa shi ne ya yi ƙazafi ni kuma na yi masa alheri, mutum biyun nan za su riƙe ta su jira wani dalilin. Ta uku in tsaya a ƙofar gidan Malam Ɗahiru da buta, in ɗaura agogon, in yi alwala a gabansu su ji ƙarar da kunnensu. Daga ranar na san ba ni ba riƙon lokaci, kuma duk wanda amfaninsa bai yi kyau ba a shekara bakwai ɗin nan zai ce dama ni ne sila. Wasu ma ba za su yarda kuskure ne ba, za su ce mutumin da ya yi shekara ashirin da shida a tasha bai san zobensa na tafiya ba? A Kaura suna in ya kama mutum ba ya sakinsa, na san har jikokina za a riƙa ce musu na gidan agogo mai shan ruwa. Ba ni da gona babba, ba ni da sarauta, ba ni da karatu, wannan abu ɗaya ne aka san ni da shi.

Na yi tunanin in ba shi layina na sauran ranin nan ya haɗa da nasa, wannan zan yi ko ta wace hanya aka bi. Amma fangali bakwai ɗin nan albasarsu ta riga ta tsaya, ko gulbi aka juye musu yanzu ba za ta kamo ta mutane ba.

Don haka ga abin da nake roƙo, kuma don Allah kada a cika min wuri da a yi haƙuri, ba shi na tambaya ba. Na ɗaya, in bi ta maiɗakina ko in ɗauki buta in je gaban mutane? Na biyu, in na faɗa a gabansu, ina da damar in ce shi ma ya janye dariyar da ya sa aka yi min, ko wadda aka yi ta zauna ke nan tunda maganarsa ta fito gaskiya? Na uku ina so malaman da ke cikin zauren nan su amsa shi, ba kowa ba. Agogon yana akwatinsa, na mayar da zoben inda ya tsaya a gwajin ƙarshe, minti tara. Zama jibi ne ƙarfe uku. Duk wanda ya san yadda ake mayar wa mutum ruwan da lokacin shansa ya wuce, ya rubuto min kafin nan.